Zagi Cikin Wasa, Zunubi Ne?

A Wushishi da Zungeru, kamar sauran garuruwan Jihar Neja, ba abin mamaki ba ne a ga yaro zaune shi kaɗai da dare, waya a hannu, abin sauraro a kunne, yana ta magana da ƙarfi. Wasa yake yi ta intanet. Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile kuma a 2019. A cikinsu 'yan wasa sukan haɗu hurhuɗu, suna jin muryar juna nan take, ko da ɗaya yana Minna, ɗaya yana Indiya.

Abin yana da amfani. Yaro yakan koyi shawara da haɗa kai, ya kuma faɗakar da abokinsa kafin haɗari ya same shi. Amma sa'ad da aka sha kāye, sai baki ya ɓalle da zagin iyaye da cin mutuncin ƙabila ko addini. In aka tsawata wa yaron, sai ya ce, "Ai wasa ne, Baba, ba wanda ya san ni."

Wannan hujja tana bukatar a auna ta. Gaskiya ne akwai ba'ar da al'ada ta amince da ita, kamar wadda take tsakanin Nufawa da Katsinawa. Amma wannan ba'a a kan zumunci take tsaye, kowa kuma ya san iyakarta. Masu dara a gindin bishiya suna ganin fuskar juna, dattawa suna ji, kunya tana riƙe harshe. A wasan intanet babu fuska, sai sunan aro. Duk da haka wanda aka zaga mutum ne, wataƙila yaro ɗan shekara 12, kuma zafin da ya ji ba na wasa ba ne.

Kamfanonin da kansu sun ga ɓarnar. A 2023 Activision ya sa na'ura mai sauraron muryoyi a wasu wasannin Call of Duty domin gano masu zagi. Sai dai na'ura tana iya rufe baki, ba ta iya gyara zuciya. Wasiƙar Yaƙub, sura 3, ta kwatanta harshe da wuta, ba ta kuwa keɓe wurin da magana ba ta da lissafi ba. Halin mutum na ainihi shi ne wanda yake fitowa inda ba a san shi ba.

Saboda haka ƙwace waya kaɗai ba zai wadatar ba. Ya kamata iyaye su zauna su saurari wasan, su san abokan 'ya'yansu, su koya musu kashe muryar mai zagi maimakon ramawa, da ɓoye sunansu da unguwarsu ga baƙo. Magana zarar bunu ce. Ubangiji ya tsare bakin 'ya'yan ikilisiya, a fili da a ɓoye. Amin.