Ina Za Ka Tura Yaronka A Babban Hutu?

Karatu: 1 Sama'ila 2:12-26

Idan babban hutu ya zo da damina, iyaye da yawa sukan tsaya tsakanin ƙofa biyu: sansanin yara na gari, inda ake koyar da ƙwallo da kwamfuta da sana'ar hannu, ko sansanin ikkilisiya, inda ake haɗa wasa da addu'a da haddar ayoyi.

Kada mu yi saurin zagin na gari. Wannan al'ada ta kai yara hutu, wani fasto ne mai suna Bion ya shahara da fara ta a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. A shekarar 1876 ya kwashi 'ya'yan talakawa 68 zuwa ƙauyukan kan duwatsu domin su sha iska, su ci su ƙoshi. Lafiyar jiki da basira kyautar Allah ne. Sai dai wanda ya koya wa yaro buga ƙwallo bai ɗauki alkawarin koya masa tsoron Allah ba. Idan can ka kai shi, wannan aikin yana nan a wuyanka.

Haka kuma sunan ikkilisiya a bakin ƙofa ba ya tsare yaro. Dubi Sama'ila. A Shilo ya girma, cikin gidan Ubangiji, amma manyan da yake gani kullum su ne Hofni da Finehas, firistoci masu ƙwace naman hadaya, masu lalata da mata. Mahaifinsu Eli ya tsawata musu da baki, bai hana su ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ko da a harabar sujada ne.

Allah ya kiyaye Sama'ila, Hannatu kuma ba ta naɗe hannu ba. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga, ta kai masa da kanta. Ta miƙa shi ga Ubangiji, amma idonta bai bar kansa ba.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, je ka gani. Su wane ne za su kwana da yaran? 'Yan mata suna da ɗakinsu da mata masu kula da su? Akwai gidan sauro da ruwan sha mai tsabta? Me za a koya musu? Sa'ad da yaron ya dawo, zauna ka saurare shi, kada ka katse shi. Mako ɗaya a sansani ba zai gyara abin da aka bari makonni 51 a gida ba.

Addu'a: Ya Uba na sama, 'ya'yanmu amanarka ne. Ka ba mu hikimar zaɓa musu wuri, ka tsare su daga mugun abokin zama, su girma cikin tagomashinka. Cikin sunan Yesu. Amin.