Haƙuri Da Neman Magani: Yaushe Damuwa Take Zama Cuta?



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, babu ɗan Adam da zai zauna gidan duniya bai ɗanɗani damuwa ba. Magidanci yakan kwana yana lissafin tiyar hatsin da ta rage a rumbu alhali kaka da saura. Ɗan kasuwar Maraɗi ya ga hajarsa ta maƙale lokacin da aka rufe iyaka a shekarar 2023. Uwa tana jiran wayar ɗanta da ya tafi biɗa Aljeriya, wata huɗu shiru. Baƙin ciki a kan irin wannan ba raunin imani ba ne. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙubu (A.S.), wanda idanunsa suka yi fari saboda rabuwa da ɗansa, bai kuwa fita daga sahun masu haƙuri ba. Haka nan shekara ta 10 bayan aiko Manzo (S.A.W.), wadda Nana Khadija (R.A.) da Abu Ɗalibi suka rasu a cikinta, malaman sira suna kiranta shekarar baƙin ciki. Mai irin wannan damuwa yana cin abinci, yana runtsawa ko da kaɗan, yana fita nema, in an yi raha a majalisa yakan murmusa. Maganinsa salla da addu'a da zikiri, da ƴan'uwa nagari masu rage masa kaya.

To amma akwai wata iri daban, kuma magabatanmu sun san ta. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira (934), ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda yake sauko wa mutum ba tare da dalili bayyananne ba, ya nuna cewa na biyun tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ashe kai irin wannan mara lafiya wurin likita gadonmu ne, ba baƙon abu ba.

Ma'aunin da likitoci suke aiki da shi a yau shi ne sati 2. Idan ƙunci ya lulluɓe mutum mafi yawan yini, kusan kullum, har sati 2 ko fiye, abin da yake jin daɗinsa da duk ya fice masa a rai, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya gagara har ya rame, ya kasa buɗe shago ko zuwa gona, ya daina wanka, yana ganin kansa nauyi ne ga iyalinsa, to abin ya wuce a ce masa ya yi haƙuri kawai. Ku lura da kyau da wanda bai taɓa rasa sahun farko ba, yau tashi yin alwala ya zame masa kamar ɗaukar dutse. Mu kan yi saurin cewa Shaiɗan ya rinjaye shi, alhali sau da yawa cuta ce ta kayar da shi.

Akwai kuma alamun da ba a jira musu sati 2, ko kwana 2. Wanda ya ce mutuwa ta fi masa rayuwa, ko yake maganar halaka kansa, a kai shi asibiti a ranar, a raba shi da igiya da wuƙa da maganin ƙwari na gona, kada a bar shi shi kaɗai. Kisan kai haramun ne, babu saɓani, amma tsawa da ambaton wuta ba su warkar da mai wannan hali, sai dai su sa ya rufe bakinsa. Tambayarsa a fili cikin taushi ba ta cusa masa tunanin. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce sama da mutum 700,000 suke halaka kansu kowace shekara. Haka nan mai jin muryoyin da ba wanda yake ji, da mai jego da ta rikice a makonnin farko, ta daina barci, take tsoron jaririnta. Wanda kuwa ya ruɗe tare da zazzaɓi, a gaggauta, domin yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau.

Na san za a ce aljanu ne ko sammu. Ruƙiya ta shari'a tabbatacciya ce, a yi ta, amma ba ta hana zuwa asibiti ba, domin Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya umurci bayin Allah da neman magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik (R.A.). Abin da ba shi da hujja shi ne ɗaure Musulmi da mari a turke, da dukansa da sunan fitar da aljani, da sayar da akuyar gida a kai wa boka. Waliyyin da ya ɓoye mara lafiyarsa a ƙuryar ɗaki don gudun abin faɗa, amana ce ya tozarta, kuma za a tambaye shi.

Hanyar ba wuya gare ta ba. A fara da CSI mafi kusa, a bayyana komai ba ɓoye-ɓoye, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna kawo kasala da faɗuwar gaba. In da buƙata, su za su tura mutum gaba. A Yamai, sashen ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa shi ne ake kira Pavillon E, sunan da abin takaici muka mai da shi abin zolaya. Wani mara lafiyar tattaunawa da masani ta wadatar da shi, wani sai an haɗa da ƙwayoyi. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da shan su aƙalla wata 6 bayan an ji dama, ba a yanke su sai da izinin likita. A guji tramol da ƙwayoyin barci na masu talla a kan tire, domin matashi yakan shiga don neman sauƙin sa'a guda, ya fito da cuta biyu. In azumi ya kama, a nemi likita ya daidaita lokutan shan magani da sahur da buɗa baki, in ya ce ba zai yiwu ba, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwamen ramuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.