Hawan Keke Domin Nishaɗi a Ma'aunin Shari'a da Hankali: Nazari Daga Ƙasar Karaye da Rogo

A garuruwa da ƙauyukan yammacin Jihar Kano, musamman a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo waɗanda dokar masarautu ta shekarar 2024 ta haɗa a ƙarƙashin Masarautar Karaye, an fi sanin keke a matsayin abin neman abinci. Manomi a Yammedi ko Turawa ko Kafin Dabga yana ɗaura masa buhun taki da damina, ya ɗora masa damin dawa da kaka, mai rake ya loda masa kaya zuwa kasuwannin ƙasar Rogo, ɗalibi kuma ya goya ƙanensa a kariya su tafi makaranta. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, mutane da dama da suka jingine kekunansu saboda babur sun sake kai su wurin mai gyara. A daidai wannan lokaci ne wata al'ada dabam take ƙara bayyana, wato hawan keke ba don kai kaya ko zuwa wani wuri ba, sai don daɗin hawan kansa, kamar yadda ƙungiyoyin masu sha'awa suke fita da sassafe a ƙarshen mako a Kano da Abuja da Legas, kuma kamar yadda samarin karkara suke tsere da juna da yamma. Tambayar da wannan ya haifar ita ce ko ya dace mutum mai hankali da addini ya ƙarar da ƙarfinsa da lokacinsa a kan tafiyar da ba ta kai shi ko'ina.

Masu sukar wannan al'ada suna da hujjar da ba ta cancanci a raina ta ba. Ta fuskar addini suna kiran abin da sunan lahwu, wato duk abin da yake shagaltar da zuciya daga abin da ya fi shi muhimmanci, suna kuma tunatarwa da hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, wanda yake nuna cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne biyu da mutane da yawa suke yin asararsu. Ta fuskar rayuwa kuwa, dattijon karkara yana ganin cewa saurayin da yake da ƙarfin taka feda na tsawon awa biyu yana da ƙarfin riƙe fartanya, kuma gona ta fi hanya buƙatar guminsa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ta kiwon lafiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Wannan amsa tana da ƙarfi a kan malamin makaranta da ma'aikacin sakatariya da tela da mai shago, waɗanda zama ya yi wa yawa kuma hawan jini da ciwon suga suke barazana gare su, amma ba ta da tasiri a kan wanda ya yini yana huɗa, tun da jikinsa ya riga ya karɓi rabonsa na wahala. Saboda haka, idan har za a kare hawan nishaɗi a wuri irin Yammedi, tilas a kare nishaɗin kansa, domin hujjar lafiya kaɗai ba ta ɗauke kowa ba.

Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan malamai ba su ambaci keke ba, kuma dalilin haka a fili yake. A shekarar 1817, wadda ita ce shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu, Bajamushe Karl von Drais ya fito da wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu da ake turawa da ƙafafu. Keke mai sarƙa da tayoyi biyu masu girma ɗaya bai samu ba sai a 1885 a hannun John Kemp Starley a Ingila, tayar da ake hura wa iska kuma ta biyo baya a 1888 ta hanyar John Boyd Dunlop. Abin da ya zo bayan an rufe littattafai ana neman hukuncinsa ne ta ƙa'ida da ƙiyasi, wato auna sabon abu da makamancinsa da aka riga aka san hukuncinsa. Ƙa'idar da malamai suka tafi a kai ita ce, a sha'anin ibada ba a yin komai sai da umarni, amma a sha'anin al'adu da mu'amala asalin abubuwa halal ne har sai dalili ya hana. Da wannan ma'auni hawan keke mubahi ne, ma'ana aikin da babu lada ko zunubi a cikin yinsa ko barinsa, sai dai abin da niyya ko yanayi suka jawo masa.

Sunna ta wuce matsayin ƙyale wasan motsa jiki, ta kai ga yin sa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda babu wanda zai ce shirin yaƙi ne, raha ce kawai tsakanin miji da mata. Hadisin Salmanul Farisi da Abud Darda'i ya tabbatar da cewa jiki da iyali suna da haƙƙi a kan mutum kamar yadda Ubangijinsa yake da shi. A mazhabar Malikiyya, Risalar Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Halilu duk sun yi magana a kan musabaƙa, wato gasar tsere ko harbi, inda suka halatta ta da kyauta a dawaki da raƙuma da kibau, Mukhtasar kuma ya halatta ta a sauran abubuwa idan babu kuɗi a ciki. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya rubuta littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a wuri ɗaya, abin da yake nuna cewa malaman jihadi ba su ɗauki kula da jiki a matsayin shagala ba.

Al'adar Hausawa ita ma ta daɗe da sanin hawan da ba na buƙata ba. Kilisa, wato fitar da doki da yamma domin ya motsa jiki mahayinsa kuma ya sha iska, abu ne da sarakuna da attajirai da malamai suke yi ba tare da wani ya zarge su da wauta ba, haka kuma sukuwa da hawan Salla da hawan angwanci. Bambancin kawai shi ne doki yana buƙatar harawa da dusa da ɗan kula da shi, saboda haka kilisa ta zama ta masu hali, alhali keke ba ya cin komai sai ɗan man shafawa da faci. Yaran da suka koyi hawa da keken haya, suna biyan kuɗi kaɗan domin zagaye unguwa, da samarin da suke yi wa kekunansu kwalliya da ƙararrawa da madubai ranar Salla, kilisar da ta dace da aljihunsu suke yi. Wanda ya yarda da hawan nishaɗi ga mai doki ya kuma hana shi ga mai keke, ya kamata ya bincika ko addini ne yake magana a bakinsa ko kuwa tsohon ra'ayin nan da yake ganin hutu ya fi dacewa da babba a kan talaka.

Masana falsafa sun taimaka wajen fayyace dalilin da ya sa ɗan Adam yake neman irin wannan wahala da gangan. Aristotal ya raba ayyuka zuwa waɗanda ake yi domin wani abu dabam da waɗanda ake yi domin kansu, ya kuma ga cewa rayuwar da dukkan ayyukanta na kashin farko ne ba ta cika ba. Bernard Suits, a littafinsa na 1978, ya bayyana wasa da cewa mutum ne yake zaɓar wa kansa cikas da ba dole ba domin ya ji daɗin tsallake shi. Mai babur da ya ajiye babur ɗinsa ya hau keke zuwa madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, ya zaɓi hanya mafi wuya da saninsa, kuma daɗin da yake samu yana cikin wannan zaɓi. Yana jin nauyin hawa a cinyarsa da sauƙin gangara a ƙirjinsa, yana sanin iyakar numfashinsa, yana tafiya da saurin da ya fi na mai ƙafa amma bai kai wanda zai hana shi lura da yabanya ko amsa sallamar mutanen hanya ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a Ihya'u Ulumiddin cewa zuciya tana gajiya idan aka matsa mata, kuma hutar da ita da halal yana mayar mata da karsashin ibada. Wannan hujja ta shafi manomi kamar yadda ta shafi ma'aikaci, domin wanda ya yini yana amfani da jikinsa don neman abinci shi ma yana da buƙatar sa'ar da zai motsa shi don ra'ayin kansa. A cikin fita tare kuma akwai zumunci, tun da al'adar masu hawa ce a jira wanda ya gaji, a tsaya wa wanda tayarsa ta yi faci, a raba ruwan sha, kuma a kan hanya ɗan mai kuɗi ba ya wuce ɗan talaka sai da ƙarfin ƙafarsa.

Halaccin abu ba ya nufin ba shi da iyaka, kuma ma'aunin da ya fi dacewa a nan shi ne na Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388. A littafinsa Almuwafaƙat ya nuna cewa abu yana iya zama mubahi idan aka dubi yinsa sau ɗaya, amma hukuncinsa ya sauya idan aka dubi rayuwar mutum gaba ɗaya, ya kuma ba da misali da yawon shan iska a lambuna, wanda babu laifi a yi shi jefi-jefi amma ya zama abin ƙi ga wanda ya mayar da shi aikinsa na kullum. Don haka ana auna hawan keke ne da abin da ya ture. Fitar da ta cinye sallar Asuba ko ta Magariba, ko ta bar tsoho shi kaɗai a gona lokacin noman farko, ko ta sa magidanci ya sayi keken tsada alhali babu hatsi a gida, ta fita daga mubahi. Tseren da kowane mahayi zai zuba kuɗi wanda ya yi nasara ya kwashe caca ne, ko da an kira shi gasa, amma kyautar da wani na gefe ya bayar, kamar hukuma ko attajiri, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta ta. Tufafin da suka matse jiki ko suka bayyana abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa ba sharaɗin hawa ba ne, domin wando mai ɗan sakewa da aka ɗaure ƙafarsa don kada sarƙa ta kama shi ya wadatar. Hanya ma tana da haƙƙi, kamar yadda hadisin Abu Sa'idil Khudri ya lissafa, kuma kame cuta daga mutane yana cikinsa, saboda haka tare hanya, da firgita yara da dabbobi, da hawa ba birki ko ba fitila da dare, laifuffuka ne na addini kafin su zama na doka. Batun hawan mata ya fi rataya a kan sutura da aminci da al'adar wuri, domin matan sahabbai sun hau raƙuma, kuma a Burkina Faso mata Musulmi da yawa suna zuwa kasuwa a kan keke.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne alfahari. Keken tsere na zamani yana iya kai kuɗin babur ko ya wuce, kuma mai shi yana bi ta hanya ɗaya da wanda ya ɗauko itace a tsohon keke ƙirar Rali ko Fonis wanda aka yi wa walda sau da yawa. Idan hawan ya koma nuna kaya da ɗaukar hoto da kallon mai lodi a wulaƙance, to ya ɓata abin da ya ba shi daraja tun farko. Mutanen da suka fi ɗaga sunan keke a Afirka ba da tsadar kaya suka yi fice ba. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, ya taka keke kimanin kilomita 4,000 a 2023 domin neman karatu a Jami'ar Azhar ta Masar, Biniam Girmay na Eritiriya kuma ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya lashe zango a gasar keken Faransa a 2024, bayan ya fara daga ƙananan gasanni na ƙasarsa.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne hawan keke domin nishaɗi halal ne a asalinsa, yana zama abin lada ga wanda ya yi niyyar kiyaye lafiya ko sada zumunci ko hutar da zuciya domin ta ƙara ƙarfin ibada, yana kuma zama abin ƙi ko haram gwargwadon wajibin da ya ture da cutar da ya jawo. Abin da ya kamaci iyaye da malamai da masu unguwanni a Yammedi da sauran garuruwan Karaye da Rogo shi ne su tsara wa samari lokaci da ladubban hawa maimakon su hana su, shugabannin makarantu da na ƙananan hukumomi kuma su yi amfani da ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya, wajen shirya fita ta bai ɗaya da koyar da dokokin hanya.