MATATTUN DA BABU MAI KIRAN SUNANSU



A kowane watan Nuwamba mukan rubuta sunayen matattunmu a takarda, mu kawo gaban bagade domin a tuna da su cikin Hadaya Mai Tsarki. Amma akwai waɗanda ba za su taɓa shiga takardar kowa ba, kuma saboda su ne muke wannan magana.

A daren 8 ga Oktoba, 1871, bayan doguwar rashin ruwa, wutar daji ta auka wa Peshtigo, wani garin masu aikin katako a jihar Wisconsin ta Amurka. Iska mai ƙarfi ta koro wutar, kafin gari ya waye kusan kome ya zama toka. An ƙiyasta mutane 1,500 zuwa 2,500 ne suka hallaka a yankin. Duniya ba ta ji kukansu sosai ba, domin a wannan daren ne birnin Chicago ma ya kama da wuta, hankalin jaridu kuwa ya koma can.

Firist na garin, Fada Peter Pernin, ya ɗora akwatin da ake ajiye Jikin Kristi a kan amalanke, ya ja shi har bakin kogi, shi kansa ya shiga ruwa na wajen sa'a biyar. Ya tsira, daga baya aka sami akwatin lafiya lau. Mu Katolika muna son ba da wannan labari, kuma daidai ne. Sai dai mukan tsaya nan, ba ma ƙarasawa makabarta.

A makabartar Peshtigo akwai kabari guda da aka binne mutane wajen 350 a ciki. Waɗansu wuta ta ɓata kamanninsu. Waɗansu kuwa, abin da ya fi sosa rai, fuskarsu tana nan, amma duk wanda zai ce "wannan uwata ce" shi ma ya mutu a daren. Waɗanda suka haƙa wannan rami sun yi irin aikin Tobit, wanda ya riƙa binne gawawwakin da aka yasar. Saura addu'a, wannan kuwa hakkinmu ne, gama Allah da ya halicce su bai manta da sunan ko ɗaya ba.

Saboda haka muna roƙonku, sa'ad da kuke rubuta sunayen iyaye da 'ya'ya a bana, ku bar layi ɗaya a ƙasa babu rubutu. Idan mai karatu ya kai wurin, zai yi shiru na ɗan lokaci, mu duka mu durƙusa.