Nasiha Ga Wanda Giya Ta Ɗaure: Baitoci Uku Da Sharhinsu

Ya ku 'yan'uwana cikin ɗariƙa, ga baitocin:

Ya wanda giya ta ɗaure, zo ka ji ni,
Tuba ka yi, kuma kar ka ƙi bin magani.

Hanta tana ƙuna cikinka a ɓoye,
Sai ran da ka wayi gari kana aman jini.

Mu 'yan'uwa kar mu kore shi zawiya,
Korar da mun yi taimako ce ga Shaiɗani.

Sharhin baiti na farko. Ka sani, ya ɗan'uwa, haramcin giya ba shakka cikinsa, ya tabbata a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Amma kuskurena ne ya sa na haɗa tuba da magani. Wani muridi a Maraɗi, wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, ya zo mini yana kuka. Na ce ya bari a daren nan, ban tura shi likita ba. Kashegari hannunsa na rawa, gumi na zuba. Ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, rana ta uku yana ganin abin da babu shi. Muka ce iska ce, muka yi ta tofi. Da muka kai shi asibiti, lokotoro ya ce mun kusa rasa shi.

Can na koyi cewa jikin da ya saba da giya, in an yanke masa ita farat ɗaya, rawar jiki takan fara tsakanin awa 6 da 24, ruɗewa mai tsanani kuwa rana ta 2 ko ta 3, kuma tana kisa. Saboda haka wanda ya yi nisa a sha, ya ƙulla tuba a zuciyarsa yau, ya tafi likita yau. Sukan ba da magani irin diyazefam na 'yan kwanaki ƙarƙashin kulawarsu, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kada ya saye su da kansa a kasuwa. Bayan nan akwai magani mai rage ƙishin giya, kamar naltirezon, tare da zama da masu ba da shawara.

Sharhin baiti na biyu. Hanta ba ta kuka da wuri. Kitse ke fara taruwa cikinta, sannan kumburi, sannan ta ƙandare. A nan idanu kan yi shawara, ciki ya cika da ruwa, jijiyoyin maƙogwaro su fashe a yi aman jini. Giya tana kawo hawan jini, da ciwon daji na baki da maƙogwaro da hanji da nono, tana kuma cutar da ɗan da ke cikin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Albishir shi ne, kitsen hanta yakan narke in an daina sha da wuri.

Sharhin baiti na uku. Ya zo cikin Buhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. To, mu su wane ne da za mu rufe masa ƙofa? In ya zame ya koma sha, wannan sananne ne a ciwon, a ɗaga shi a mai da shi likita. A asirta shi, a raba shi da tsofaffin abokan sha, a biya masa lokacin wazifa, don bayan la'asar ne ƙafarsa ta saba da waccan hanya. Muridin nan har yau yana sahunmu ranar Juma'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya karɓi tubarmu, Ya gafarta mini jahilcina.