Ado da Ƙarin Gishiri

Turanci yana da kalmar embroider, wadda ke nufin aikin zare a jikin riga, take kuma nufin ƙara wa labari abin da babu. Faransancin da 'ya'yanmu ke koya a makarantun Urafan da Mayahi ma haka yake, domin broder ta haɗa ma'anonin biyu. Exaggerate kuwa daga Latin ta fito, asalinta tsiba abu bisa abu. Bahaushe ya bi ta madafa, ya ce an ƙara gishiri.

Shin ado ƙarya ne? Aska takwas a ƙirjin babbar riga ba ta yaudari kowa ba, mai kallo ya san zare ne. Haka maroƙi a ƙofar Sarkin Tasawa: in ya kira sarki giwa, ba wanda zai nemi haure. Masu nazarin adabi suna kiran wannan kambamar zulaƙe, kuma mai faɗa da mai ji sun yarda da ita tun farko. Ƙarya tana shigowa ne inda mai ji bai san an yi ɗinki ba, kamar shaida gaban alƙali ko rahoton amfanin gona.

Sai dai zargin zuzutawa shi ma makami ne. A 2005, lokacin da yara masu tamowa suka cika cibiyoyin jinya a jihar Maraɗi, Shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa yunwa ake yi, ya ce kambama lamarin ake yi. Uwar da rumbunta ya ƙare tun kafin bazara, in ta ce "mun mutu", da wane mudu za a auna maganarta?