Tsakanin Tausayi Da Tayawa

Mai karatu, sau nawa ka ce "Allah sarki!" a cikin makon nan? Kalmar tausayi ba ta da wahala a bakin Bahaushe. Mun iya cewa wane ya ba mu tausayi, wance abar tausayi ce, ko kuma wane ba shi da ɗigon tausayi a ransa. To amma idan ka ce ka tausaya wa mutum, shin shiga ka yi cikin halin da yake ciki, ko kuwa leƙensa kake yi daga sama?

Ka lura da kyau, tausayinmu kusan kullum gangarowa yake yi. Mai kuɗi ke tausaya wa talaka, mai lafiya ke tausaya wa majinyaci. Shi ya sa "abin tausayi" kan zama zagi, har ka ji mace mai zuciya ta ce, "Ni fa ba na son a tausaya min." Ba taurin kai ba ne, ta gane cewa a irin wannan kallon akwai raini a ɓoye.

Ga masu kallo da karatu kuwa, tausayi ya fi arha. Waɗanda suka kalli Sangaya, fim ɗin da ya fito a 1999, sun san yadda zuciya ke karyewa saboda Zubaina, 'yar aikin da Fati Mohammed ta fito a matsayinta. Haka mai karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zai ji kamar ya shaƙe Alhaji Abdu ranar da ya kori Rabi da 'ya'yanta. Madalla. Sai dai Hajiyar da ta share hawaye saboda Zubaina, ita ce za ta juya ta daka wa tata 'yar aikin tsawa don ta makara da kawo ruwa. Dalili a fili yake: marubuci ya buɗe mana cikin Rabi, mun ji tunaninta, kuma ba za ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa neman rancen kuɗin cefane ba. Bazawarar da ke maƙwabtaka da kai fa? Ita sai ka zauna ka saurare ta, kuma sauraron na iya taɓa aljihunka.

A ganina, kalmar da ta fi kusa da ainihin abin ita ce "taya". Muna taya mutum baƙin ciki, muna taya shi jimami, kamar yadda ake taya shi aiki a gona. Mai tayawa ba ya tsayawa a bakin kunya yana girgiza kai, fartanya yake ɗauka. Jaje da zaman makoki duk daga nan suka samo ma'ana: ka taka da ƙafarka, ka zauna a tabarma ɗaya da wanda abin ya shafa, ko da ba ka da abin faɗa sai "sannu".

Kuma "taya" na zuwa inda tausayi ba ya iya zuwa, wato wajen farin ciki. Kowa zai iya tausaya wa marubucin da littafinsa ya yi kwantai a kasuwa. Amma idan na abokinka ne ya ƙare har aka sake bugawa, naka na nan jibge ƙura ta rufe shi, sai ka je yi masa barka, ka saurari yadda muryarka za ta fita.